Faɗan da Aka Ƙi Yi a Bakin Kabarin Yaya Haruna

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Haruna, direban bas ɗin nan na unguwar Edmonton da 'yan Arewa mazauna Landan suka fi sani da Haruna Mai Ƙanƙara. Kamar kowace shekara, tun da sassafe wayata ta fara kuka. Abokansa ne a zauren da suka buɗe a waya, kowa na turo hotonsa da addu'a, wani har da zanen fuska mai hawaye. Na amsa da amin, domin addu'a ba a raina ta, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Amma bana ba zan tsaya a amin ba. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, kuma tunda masu turo hotunan duk sun iya karatu, gara su gan ta a jarida kowa ma ya ji.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya ne babba a ɗakinmu, ni ke bi masa, sai autanmu Isuhu. A Jos aka haife mu. Shi ya fara zuwa ƙasar nan, sannan ya jawo mu ɗaya bayan ɗaya. A garejin bas na Tottenham ya haɗu da Bulus, Kirista mutumin Kafanchan, wanda ya ji shi yana zagin injin mota da Hausa ya taya shi da Hausa. Daga ranar suka ƙulle. In azumi ya zo Bulus ke karɓar tuƙin yamma don Yaya ya sha ruwa a gida, in makon Kirsimeti ya kama Yaya ya rama masa. 'Ya'yanmu sun tashi suna kiransa Baba Bulus, wasunsu sai da suka yi wayo sosai suka gane ba ciki ɗaya suka fito da Yaya ba.

Yadda Bahaushen Jos ya zama masoyin ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wadda ake kira hoki, labari ne da aka ba da shi a gidanmu har yara suka haddace. Wani Bature abokin aikinsu ne ya ba su tikitin kallon wasa a wani fili na arewacin Landan. Suka tafi su uku, Yaya da Bulus da Isuhu, ba wanda ya gaya musu cewa cikin ginin ya fi waje sanyi. Suna zaune suna karkarwa, suna kallon ƙarti sanye da takalma masu wuƙa a ƙasa suna sulɓi da sanduna, sai biyu daga ciki suka jefar da sandunan, suka tuɓe safar hannu, suka cakumi juna. Alƙalan wasa suka ja gefe suna kallo. Jama'a suka miƙe suna sowa. Yaya bai san sanda ya tsallake kujeru ya isa jikin gilashin da ya kewaye filin ba, yana dukansa da tafin hannu yana ihu da Hausa tsantsa: "Ku raba su mana! Wane irin rashin imani ne wannan?"

Masu gadi suka rako shi kujerarsa, Bulus na dariya har da hawaye. Wata tsohuwar Baturiya da ke kusa da su ta dafa shi ta ce ya zauna ya ga ƙarshen abin. Ya kuwa gani. Da ɗaya ya faɗi, alƙalai suka shiga tsakani, aka kora kowannensu wani ɗan ɗaki na gilashi ya zauna ya huce, bayan minti biyar aka buɗe musu suka koma wasa. Da aka tashi, ƙungiyoyin biyu suka jeru suna gaisawa, waɗanda suka daku ɗin nan suka bubbuga wa juna hular kwano suna murmushi, ɗaya leɓensa a kumbure. Isuhu ya ce daga nan suka hau bas. Sai da suka kusa gida Yaya ya juya ya ce wa Bulus, "Mutanen nan sun fi mu wayo. Su faɗansu yana da ƙarshe."

Daga nan majalisar Lahadi ta samo asali. Manyan wasannin a Kanada da Amurka ake buga su, lokacin mu nan muna barci, don haka Yaya yake naɗa, a taru a falonsa bayan azahar a kalla tare. Bulus yakan taho kai tsaye daga coci da kwat ɗinsa. Duk wanda ya shigo sai ya ajiye wayarsa a cikin wani kwanon samira da ke bakin ƙofa, don kada wani ya leƙa sakamako ya ɓata wa mutane kallo. Yaya ya zaɓi ƙungiyar wani gari na Kanada mai suna irin na unguwarmu, ya ce ai 'yan gida ne, dole a mara musu baya. Ɗan baƙin faifan da ake bugawa kuwa, wanda ya raɗa wa suna ƙonanniyar waina, yawancinmu ba mu taɓa ganinsa da idonmu a talabijin ɗin ba. In Yaya ya yi ihu mu yi ihu, in ya dafe kai mu ce kash. Masu son ƙwallon ƙafa sukan yi ta tsiya, su ce an tara su kallon ƙarti suna share ƙanƙara, amma ba Lahadin da suke fashi, kuma ba sa barin ko loma ɗaya ta masar da matar Yaya, Hadiza, take soyawa.

Ni dai, in faɗi gaskiya, wasan bai taɓa burge ni ba. Gudu ya yi yawa, haƙoran 'yan wasan ba su cika ba, kuma ban ga abin alfahari a namiji ya naushi ɗan'uwansa a ka ba. Na ji an ce yanzu dambe ya ragu a cikinsa saboda illar da yake yi wa ƙwaƙwalwa, na ce madalla. Shi ma Yaya ba jini yake zuwa kallo ba. Abin da ya ɗauko daga wasan doka ce guda, ya kafa ta a falonsa. In mutum biyu suka sarƙe, kan siyasar gida ne ko kan maganar da wani ya kai wa wani, ba mai cewa a yi haƙuri. Yaya zai dakatar da wasan, ya naɗe hannu, ya ce kowa ya amayar da abin da ke cikinsa a gaban jama'a. In sun gaji sun yi laushi sai ya nuna musu kicin, ya ce, "Akurki!" Haka ya sa wa ɗakin gilashin nan suna. Su biyun za su shiga su haɗa wa majalisa shayi, kuma kicin ɗin flat na council, wato gidan haya na hukuma, ba ya ɗaukar mutum biyu sai kafaɗa ta gogi kafaɗa. Alhazai masu gidaje a tsakiyar Landan sun shiga akurkin nan. Ni da maigidana ma mun taɓa shiga, muka fito da shayi ba sukari muna dariya.

Ciwon daji ne ya kwantar da Yaya. A watannin da ya yi yana jinya, Bulus ya ɗauki hutun da ya tara duka ya ƙarar a kansa. Shi ke kai shi asibiti, shi ke zama da shi a layi, da jiki ya yi nauyi shi ke ɗaga shi ya kai shi banɗaki don kada Hadiza ta karye. 'Yan majalisa sun zo dubiya, ba zan yi musu ƙarya ba, sun zo da lemo da addu'a sun tafi. Wanda ya san warin ɗakin nan Bulus ne.

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, don haka abin da ya faru a can daga bakin maigidana na ji shi, kuma ba wanda ya taɓa ƙaryata shi. Bayan an sa Yaya a makwancinsa, maza suka shiga karɓa-karɓar shebur suna mayar da ƙasa. Bulus ya tsaya a baya tun da aka fara sallah, bai kutsa inda ba a kira shi ba. Da aka zo zuba ƙasa, wani ya miƙa masa shebur, ya karɓa ya matso. Bai kai ga ɗiba ba Isuhu ya riƙe ƙotar, ya zare ta daga hannunsa, ya ce, "Bari, wannan ba naka ba ne." Liman yana wurin, bai ce a hana Bulus ba. Bulus ya kalli hannunsa, ya kakkaɓe, ya koma baya ya tsaya har aka gama. Ya yi wa kowa gaisuwa, har da Isuhu, ya hau motarsa ya tafi.

Ni ba malama ba ce, ba zan yanke hukunci kan wanda ya halatta ya zuba ƙasa ba. Abin da ke ƙona min rai shi ne maza cike da wurin, duk sun ci masar gidan Yaya, duk sun san waye Bulus, aka rasa mutum ɗaya da zai buɗe baki. Wanda yake ganin Isuhu ya yi daidai bai faɗa ba, wanda yake ganin ya yi kuskure bai faɗa ba. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, aka kira wannan kawaici. A gidan makoki aka lulluɓe talabijin ɗin Yaya da zani kamar yadda aka saba, aka yi addu'ar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in. Bulus ya zo duka, ya zauna a bakin ƙofa kusa da takalma, mutumin da a da kujerarsa ke manne da ta mai gidan. Bayan arba'in bai sake hawa benen ba, majalisa kuma ta watse ba tare da wani ya ce an rufe ta ba.

Duk sanda na tayar da maganar, amsa ɗaya nake samu: "Ai ba faɗa aka yi ba." Isuhu ya faɗa min, 'yan majalisa sun faɗa min, har Bulus ɗin da kansa ya faɗa min sanda bakinsa ke aiki. Wannan jimla ta fi zagi muni a wurina. Mu in dai ba a ɗaga murya ba, ba a ci kwala ba, to a lissafinmu lafiya lau ake zaune, ko da mutum biyu za su shekara goma suna sauya titi don kada su haɗu. Muna kallon Turawa suna naushin juna a kan ƙanƙara muna cewa ba su da tarbiyya. Su kafin su yi wanka sun gaisa. Mu masu tarbiyya mun iya riƙe mutum a zuci da murmushi har a kai ɗayanmu rami.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce in ya leƙo ya ga yadda ake kallon wasa yanzu. Na san tsaki zai fara ja. Kowane ɗan majalisa yana da talabijin da ta cinye bangon falonsa, yana biyan tashoshi kala-kala don wasa ɗaya ya rabu gida uku, kuma shi kaɗai yake zama a gabanta, hannu ɗaya riƙe da waya. Kafin a buga ƙwallo sau biyu an katse da tallar caca, ana kiran 'ya'yanmu su zuba abin da ba su da shi. Hokin ma da suke tunawa da Yaya da shi, guntayen bidiyo suke turowa a zaure, wurin damben kaɗai, a yanke kafin a kai ga gaisawar. Su rubuta a ƙasa, "Allah ya jiƙan Mai Ƙanƙara, da yana nan da ya ji daɗin wannan." Ƙarya kuke yi masa. Da yana nan da ya tambaye ku ina Bulus.

To ga inda Bulus yake. Da ya yi ritaya ya koma Catford, can kudancin Landan, kusa da 'yarsa. Bara waccan ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ƙwace masa, sai kalma ɗaya-ɗaya da yake fizgowa da ƙyar. Matarsa Rifkatu ke fama da shi, likita kuma ya gaya mata kada ta sa rai da yawa in abin ya sake dawowa. Ni da Hadiza muna zuwa. Na sanar a zauren, aka yi ta turo "Allah ya ba shi lafiya" kamar ruwan sama, ba ƙafar da ta taka. Wai Catford da nisa, sai an haye kogi. Masu faɗin haka su ne ke tuƙi har arewacin Ingila kallon ƙwallon ƙafa su dawo a ranar. Na san ba nisa ba ne. Kunya ce ta shekara bakwai, kowa na tsoron idon Bulus, kowa na jiran wani ya fara.

Makon jiya na ga cewa in na biye wa jiran nan, wata jana'izar za mu sake yi da bakinmu a rufe. Na shirya na tafi gidan Isuhu. Matarsa ta kawo ruwa da abinci, na ce ta mayar. Ta tsaya tana kallona, don a gidanmu babbar 'yar'uwa ta ƙi shan ruwan gidan ƙaninta ba ƙaramar magana ba ce. Isuhu ya rage sautin talabijin ya ce, "Yaya Asabe, lafiya?"

"Ba lafiya ba. Na daina shan ruwan gidan nan sai ranar da ka taka Catford."

"Haba Yaya. Ni fa ban zage shi ba. Kuma ina da shift gobe a wurin aiki, ba zan iya yin cancel ba."

"Jibi Lahadi. Ita ma shift gare ka?"

Ya shiga murza rimot a hannu. Can ya ce wani ne ya raɗa masa a kunne a bakin kabarin cewa mutane na kallo, za a ce gidanmu ba su san addini ba, shi kuma kansa ba ya aiki a ranar. Ya ce tun a mota ya san ya yi ɓarna, ya ce gobe zai kira, goben ta zama mako, makon ya zama abin da ba ya iya ɗagawa. "In na je me zan ce masa?" Na ce ba kai za ka ce ba, shi zai ce, kai tsayawa za ka yi ka ji.

Ranar Lahadi muka hau jirgin ƙasa na Overground, muka sauya jirgi, muka ƙarasa da bas. Duk tafiyar furfurar Isuhu kawai nake kallo ina mamakin yaushe autanmu ya tsufa. Rifkatu ta buɗe ƙofa, da ta gan shi ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu!" sannan ta tuna ta ce mu shigo. Bulus na zaune a kujerarsa cikin farin kaftani, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba, hoki na tafiya a talabijin ba sauti. Isuhu ya durƙusa ya fara jero gaisuwa irin tamu, ina wuni, ya jiki, ya iyali, Allah ya ƙara sauƙi. Bulus bai amsa ko ɗaya ba. Leɓensa ya shiga rawa, jijiyar wuyansa ta tashi, ya yi ta kokawa da harshensa har na ji tausayi ya kama ni. Sai kalmar ta fito, tas, ba gargada:

"Sakarai!"

Rifkatu ta yunƙura za ta ce a yi haƙuri, na riƙe mata hannu. Bulus ya ɗaga hannun hagu ya nuna ƙirjinsa, ya buga sau biyu. "Abokina," ya ce. Ya huta, ya sake tattaro ƙarfi. "Nawa ne." Ya damƙi wuyan rigar Isuhu da hannun nan guda ya girgiza shi, girgizar da ba za ta tayar da yaro daga barci ba, Isuhu kuwa ya saki jiki yana kuka kamar an yi masa dukan tsiya, yana cewa, "Naka ne, Yaya Bulus, wallahi naka ne, ka fi ni kusa da shi." Ba wanda ya shiga tsakaninsu har hannun ya gaji ya sauka da kansa, ya tsaya a kan kafaɗar Isuhu bai janye ba. Daga baya Rifkatu ta ce min tun da ciwon ya same shi ba ta ji ya furta kalma ta fita sarai irin zagin nan ba.

Yaya bai bar gida ba, flat ɗin na council ne. Bai bar suna a wani allo ba, kuma 'ya'yansa ko dokokin hokin ba su riƙe ba. Na daɗe ina tunanin cewa duk abin da ya gina ya bi shi ƙasa ranar da aka karɓe sheburin nan. A falon Catford na ga saura. Ya koya wa mutane ƙalilan cewa wanda kake ƙauna kana iya faɗa masa baƙar magana a fuska ku ci gaba da zama, kuma darasin ya yi shekara bakwai a cikin mutumin da rabin jikinsa ya mutu bai ruɓe ba. Wannan ya ishe ni gadon Yaya. Takaicina shi ne falonsa cike yake da ɗalibai, amma da aka zo gwaji a bakin kabarinsa duka suka faɗi.

Mun zauna mun ƙarasa kallon wasan mu huɗu, Isuhu a ƙasa ya jingina da ƙafar kujerar. Na lura Bulus ba ya kallon talabijin sosai. Duk motsin da aka yi a waje sai ya juya wajen ƙofa, in mota ta tsaya ya miƙa wuya. Da na tashi ɗaukar mayafina ya kamo bakin zanina, ya nuna ƙofar da haɓa, ya yi ta fama har ya haɗa kalma biyu.

"Sauran fa?"

Ya ɗauka Isuhu ne ya riga ku isowa, kuna baya. Rifkatu ta juya ta shige kicin. Ku da kuka turo hoton Yaya yau da safe, tambayar taku ce, ni na kawo muku ita yadda ya ba ni. Har muka fito idonsa na kan ƙofar.